Kafin a Ce "Na Bi"

Ɗalibin Hausa da aka ba shi aikin fassara ƙa'idojin poka, wasan kartar nan na Amurkawa, yakan yi tuntuɓe tun a shafin farko. Idan ɗan wasa ya ajiye kuɗi a tsakiyar tebur, na kusa da shi yana da zaɓi uku: ya ajiye daidai abin da aka ajiye, ko ya ɗora a kai, ko ya kife katinsa ya fita daga zagayen. Na biyu da na uku ba su da wuyar suna, gama ƙari da janyewa sun wadatar. Na farkon ne mai rikici. Kalmar da Ingilishi ya ba shi, in an ɗauko ta yadda take, ma'anarta kira, shi ya sa ake cin karo da jimloli irin su "ya kira cacar", waɗanda babu Bahaushen da zai gane inda suka dosa. Wa aka kira, wa kuma ya amsa?

Maganin wannan tuntuɓe yana Abijan, babban birnin kasuwancin Kodibuwa. Faransancin da ake ciniki da shi a Adjamé da Treichville bai kira kowa ba. Suivre yake cewa, wato bi. Kalmar ta zauna wa Hausa daram, har ta fi ta Ingilishin fayyace abin da ke faruwa. Mai bi ba shi ya zaɓi hanya ba: mamu yana bin liman, ayari yana bin madugu. A teburin karta ma wani ne ya yanka farashi, shi kuwa mai bi amincewa kawai ya yi zai biya. Wanda ya fara zuba kuɗi, ko ya ƙara a kan na wani, ƙofa biyu gare shi ta ci: ko abokin karawarsa ya tsorata ya janye, ko a buɗe kati a tarar nasa ya fi. Mai bi kuwa ƙofarsa ɗaya ce tak, dole sai katinsa ya rinjaya. Saboda haka bi ne ya fi rauni cikin zaɓin uku, amma shi sabon shiga ya fi ƙauna, domin bai buƙaci ƙarfin halin ƙari ba, bai kuma jawo kunyar janyewa ba.

Sauran kalmomin da mai fassara zai buƙata suna nan cikin Hausar yau da kullum. Kuɗin da ɗan wasa ya ajiye zubi ne, kamar yadda mata ke cewa a adashi. Abin da ya taru a tsakiya tsibi ne, irin wanda mai tumatir ke kasawa a bakin hanya. Zuba kuɗi da yawa da kati maras ƙarfi don a firgita abokin wasa kuwa, Hausa ta riga ta raɗa masa suna tun kafin ta ga karta: burga. Da waɗannan kalmomi, bi da ƙari da janyewa da zubi da tsibi da burga, ana iya bayyana wasan duka ba tare da aron ko harafi ɗaya ba.

Akwai tambayar da mai karatu Musulmi zai yi a nan, kuma yana da gaskiya: me ya kai ɗalibi ga nazarin caca? Hukuncinta ba ɓoyayye ba ne. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara da aya ta 90 ta Suratul Ma'ida sun ambace ta tare da giya, malamai kuma ba su saɓa a kan haramcinta ba. Amma wa'azi ya daɗe yana faɗa wa samari haka, shagunan caca kuwa ba su ragu ba. Abin da ba a cika gaya musu ba shi ne cewa cacar da ake tallata musu ta faɗi ko a ma'aunin 'yan cacar kansu. Ƙwararren ɗan poka, wanda halal da haram ba su dame shi ba, ba zai saya ba ko a kan rabin kuɗinta. Lissafin da yake yi kafin ya ce "na bi" shi ne lissafin da ya kamata kowane ɗan ci-rani ya iya, ko da bai taɓa riƙe kati ba, kuma ba zai taɓa riƙewa ba.

Unguwannin nan biyu na Abijan wuri ne da ya dace a gwada wannan magana. Treichville ta ci sunan Marcel Treich-Laplène, Bafaranshen da ya rasu a 1890. Tana kudu da Plateau, ruwa ya raba su, gadar Houphouët-Boigny ta 1957 da gadar De Gaulle ta 1967 suka haɗa su. Tun da aka haƙa mashigin Vridi a 1950, manyan jiragen ruwa suka sami hanyar shiga tafkin Ebrié, mutanen arewa suka yi ta kwararowa neman aiki. A titunanta ne Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Moi, un noir na 1958 da samarin Nijar masu neman aikin lebura, cikinsu har da Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama mai shirya fim da kansa. Adjamé kuwa tana arewa da Plateau, ita ce matattarar tashoshin mota da ƙananan bas-bas ɗin da ake kira gbaka, da kasuwar Forum, da rumfunan waya na Black Market, da cunkoson titin Nangui Abrogoua. Hausawa suna cikin wannan hada-hada da goro da albasar Galmi da gasasshen nama, da kuma garba, wato dambun rogon da ake kira attiéké haɗe da soyayyen kifin tuna, abincin da aka fi danganta sunansa da Garba, sunan da mutanen gari suka saba ji a bakin masu sayarwa 'yan Nijar. Teburin karta irin na Turawa sai a wurare kamar gidan cacar otal ɗin Ivoire da ke Cocody, nesa da aljihun mai garba. Amma waya ta taƙaita wannan nisa, rumfunan caca kuwa ba sai an yi cigiyarsu ba.

Ga yadda wasan yake a taƙaice, a salon da aka fi yi a duniya, wanda ake dangantawa da jihar Texas. Kati 52 ne, dangi huɗu, kowane dangi kati 13. Ana ba kowane ɗan wasa kati biyu a rufe, sa'an nan a buɗe biyar a tsakiya na kowa da kowa: uku a tare, sai ɗaya, sai ɗaya na ƙarshe. Tsakanin kowace buɗewa ana zubi. Wanda ya haɗa kati biyar mafi daraja daga nasa da na tsakiya shi ya kwashe tsibi, in dai bai janye ba kafin nan.

To, a ce an buɗe huɗu a tsakiya, saura ɗaya. Sabon shiga yana da kati biyu 'yan dangi ɗaya, a tsakiya ma akwai biyu na wannan dangi. In na ƙarshe ya fito daga danginsu, ya haɗa biyar 'yan gida ɗaya ke nan, hannu mai ƙarfi. In bai fito ba, ba shi da kome. Tsibi ya kai sefa 6,000, abokin karawarsa ya zuba 3,000. Mutumin Maraɗi ko Damagaram zai ce jika shida da jika uku, gama a bakinsa jika sefa 1,000 ce, dala kuwa sefa biyar, saɓanin jakar Kano ta da, wadda take fam ɗari. Zuciyar sabon shiga tana ce masa ya bi, ai kati ɗaya ne ya rage. Abin da ya kamata ya tambaya shi ne nawa ake sayar masa da wannan kati, kuma nawa ne ƙimarsa.

Farashin ba shi da wuyar ganewa. In ya bi, tsibi zai zama 12,000, wato 6,000 na da, da 3,000 na abokin karawa, da 3,000 nasa. Kasonsa a ciki rubu'i ne. Ashe ke nan sai in zai ci sau ɗaya cikin huɗu, ko fiye, bin yake da riba. Ƙimar ma lissafin yara ce. Ya ga kati shida, nasa biyu da huɗun tsakiya, saura 46 da bai gani ba. Cikin 13 na dangin da yake nema ya ga huɗu, saura tara. Tara cikin 46 ba ta ko kai humusi ba, tana ɗan ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ana sayar masa da humusi a kan kuɗin rubu'i. A kasuwa, wanda aka yi wa irin wannan tayi zai ce albarka ya yi gaba.

Wanda bai gamsu ba, ya ƙaddara an maimaita wannan zagaye sau 46, kowane kati ya fito sau ɗaya. Zai biya 3,000 sau 46, jimla 138,000. Zai kwashi 12,000 sau tara, jimla 108,000. Faɗuwarsa 30,000, wato kimanin sefa 650 a kowane bi, har da waɗanda ya ci. Wannan "har da waɗanda ya ci" ita ce maganar da ta fi wuyar shiga kan sabon shiga. Yanzu a sauya abu ɗaya kawai: abokin karawa 1,500 ya zuba. Tsibi bayan bi zai zama 9,000, kason mai bi sudusi. Kati bai canja ba, tara ce dai cikin 46, amma yanzu humusi ake sayarwa a kan kuɗin sudusi. Zai biya 69,000 ya kwashi 81,000. A nan bi daidai ne, janyewa ce kuskure. Hannu ɗaya, mutum ɗaya, amsa biyu, farashi ne kaɗai ya raba su. Shi ya sa tambayar "katina yana da kyau?" ba ta da amsa sai an haɗa ta da "a kan nawa?"

Ɗalibi zai lura cewa sulusi da rubu'i da sudusi, kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci, kuma almajirai ke haddacewa a babin rabon gado, su ne suka ɗauki nauyin lissafin nan duka. In an zuba daidai da tsibi, mai bi yana buƙatar sulusi. In rabin tsibi aka zuba, rubu'i. In rubu'in tsibi ne, sudusi. Wanda ya riƙe waɗannan uku ya riƙe abin da yawancin masu zama a tebur ba su riƙe ba. Akwai kuma gajeriyar hanya ta ƙiyasta ƙima: a ƙirga katin da za su fisshe shi, a ninka sau biyu in kati ɗaya ya rage. Tara ta ba da 18, kusa da gaskiya. Wanda yake jiran kati huɗu kacal, kamar mai neman cike gurbi a tsakiyar jeri, takwas cikin ɗari ya samu, kuma da wuya a sami zubin da ya yi arahar da za a bi shi da wannan.

Duk wannan mai sauƙi ne a takarda. Abin da ke ɓata shi a tebur magana ɗaya ce: "Ai na riga na zuba." Cikin 6,000 ɗin nan wataƙila 3,000 daga aljihunsa suka fito, yana kallonsu yana jin kamar nasa ne, janyewa kuwa tamkar yafe su ne ga wani. Amma tun da suka bar hannunsa suka zama na tsibi, tsibi kuwa na wanda ya ci ne. Ba su ƙara wa tara ko kati ɗaya ba, ba su kuma rage 46 ba. Kuɗin da yake da iko a kansu su ne waɗanda ke gabansa har yanzu. Mai albasa da motarsa ta yi kwanaki a kan iyaka ya san wannan darasi da jikinsa: in kaya sun fara ruɓewa, abin da ya kashe daga Galmi zuwa Abijan ba ya cikin lissafin tayin da aka yi masa yau. Ko ya sallama a kan abin da kasuwa ta bayar, ko ya jira gobe ya zubar a bola. Garin neman gira akan rasa ido, kuma ba a taɓa rasa shi da sauri kamar wajen ƙoƙarin fanso abin da ya riga ya tafi ba.

Masu wasa da suka ɗan goge za su ce lissafin nan bai cika ba, kuma ba su yi ƙarya ba. In katin da ake jira ya fito, akwai sauran zubi guda, mai yiwuwa abokin karawa ya sake biya. A misalin farko, in ana sa ran tatsar wasu sefa 3,400 daga gare shi duk lokacin da aka dace, faɗuwar ta goge. Wannan gyara ce ta gaskiya, amma ita ce ƙofar da sabon shiga ke bi ya halatta wa kansa duk abin da ransa ke so. Yakan manta cewa kati na uku ɗan dangi ɗaya in ya faɗo a tsakiya kowa yana ganinsa, mai hankali ba zai ƙara ko dala ba. Yakan manta kuma cewa wani lokaci ya dace ɗin ma a ci shi, domin abokin karawa yana riƙe da 'yan wannan dangi da suka fi nasa girma. Kuɗin da ake sa rai kamar bashin da ke hannun matafiyi ne. Ana iya ambatonsa, amma ba a yin cefane da shi. Shawarar da ta fi dacewa da mai koyo ita ce ya ɗauki wannan gyara tamkar babu ita, sai fa inda gibin ya yi ƙanƙanta ƙwarai kuma abokin karawa yana da kuɗi da yawa a gabansa.

Bayan an buɗe katin ƙarshe sai tambaya ta sake kama. Babu sauran jira, hannu ya riga ya zama abin da zai zama. A ce tsibi 10,000 ne, aka zuba 10,000, mai koyo kuwa yana da hannu matsakaici wanda ba ya cin kome sai burga. Farashi sulusi ne, don haka abin tambaya shi ne ko wannan mutum, cikin zubi uku irin wannan, ɗaya aƙalla na burga ne. Burga ba wasan banza ba ce. John von Neumann da Oskar Morgenstern, a littafinsu na 1944 kan nazarin wasanni da tattalin arziki, sun nuna da lissafi cewa ɗan wasan kirki dole ya riƙa yin ta jefi-jefi. Amma teburin masu koyo ba na ƙwararru ba ne. Mutumin da ya wuni yana bi shiru, sa'an nan kwatsam ya turo rabin kuɗinsa, da wuya a ce wayo yake yi. Wanda ya bi shi don kawai ya gani, ya biya jika goma kuɗin kallo. Tsoron a yi wa mutum dariya cewa an burge shi da hannun wofi ya ci kuɗin mutane fiye da burgar kanta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Masu cewa karanta fuska ya fi lissafi suna da rabin gaskiya. Rawar hannu da saurin zubi da yawan surutu suna faɗin wani abu, amma abin da suke yi shi ne gyara ƙiyasin ƙima, su ɗaga shi ko su sauke shi. Ba su taɓa farashi. Ga shi kuma a waya babu fuskar da za a karanta, gidan wasa kuwa yana yankar la'adarsa daga kowane tsibi, ta yadda in mutum shida masu ƙwarewa ɗaya suka daɗe suna wasa, dukkansu za su tashi da ƙasa da abin da suka zo da shi.

Akwai wata cuta da ta fi duk waɗannan, ita ce a yi kuskure a ci riba. Sau tara cikin 46 mai bin banza zai kwashe tsibi, kuma waɗannan taran su zai riƙa ba da labari. Abijan tana da misali da ba za a manta ba. A gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka da aka yi a ƙasar a farkon 2024, Najeriya ta ci masu masauki ɗaya da nema, sa'an nan Equatorial Guinea ta zura musu huɗu babu ko ɗaya ran 22 ga Janairu. Aka sallami mai horarwa Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, aka miƙa ragama ga Emerse Faé, ƙungiyar ta tsallake zagayen farko da ƙyar da jiɓin goshi. Ran 11 ga Fabrairu kuwa, a filin wasa na Ebimpé, ta doke Najeriya biyu da ɗaya ta ɗauki kofi, bayan William Troost-Ekong ya fara ci, Franck Kessié ya rama, Sébastien Haller ya rufe. Duk wanda ya zuba kuɗi a kan Giwaye a daren huɗu da nema ya kwashi riba. Wannan bai nuna ya san wani abu ba. Abin da ba safai yake faruwa ba yakan faru wata rana, kuma ranar da ya faru ba ta biyan bashin sauran ranakun.

Yanzu a ɗauki wannan ma'auni a shiga da shi rumfar caca. Hukumar caca ta ƙasar, LONACI, an kafa ta a 1970, shekarar da aka fara babbar gasar poka ta duniya a Las Vegas. Cikin hajojinta akwai cacar tseren dawaki, da ta ƙwallo, da ta lambobi mai suna Loto Bonheur, wadda ta bi tsarin da aka sani a Ghana da Najeriya: lambobi 90, a zaro biyar. Mai zaɓen lamba biyu yana fata duka biyun su fito. Cikin lambobi 90 ana iya haɗa tagwaye 4,005, cikin biyar ɗin da aka zaro kuwa tagwaye goma ne kawai. Damar ci ɗaya ce cikin 400 da 'yan kai. A Ghana da Najeriya abin da aka saba biya a kan wannan shi ne ninki 240. A ƙaddara wani attajiri ya sayi dukan tagwayen nan, kowanne a kan sefa 100, don kada ya kuskure ko ɗaya. Zai kashe 400,500, zai ci sau goma, ya karɓi 240,000. Mutumin da ya tabbata zai ci ya yi asarar 160,500. Babu mafarki, babu lambar motar da ta yi haɗari, babu takardar hasashe ta bakin titi da za ta canja wannan. Mai bin banza na misalin farko, wanda aka yi wa faɗa a sama, kimanin humusin kuɗinsa yake zubarwa. Mai lamba biyu kashi 40 cikin ɗari yake zubarwa, kuma ba shi da ranar da farashi zai sauko masa.

Cacar ƙwallo ta fi iya ɓoye haƙoranta. A ce ƙungiyoyi biyu ƙarfinsu ɗaya, mai rumfa ya yi alkawarin mayar da 1,900 a kan kowace 1,000. Wanda ya zuba wa ɓangarorin biyu ya ba da 2,000 ya karɓi 1,900, la'ada kashi biyar cikin ɗari, abin da ba ya tayar da hankali. Amma samari ba wasa ɗaya suke saya ba, goma suke jerawa a takarda guda don ɗari biyu ta zama dubbai. La'adar nan tana hawa kan 'yar'uwarta a kowane wasa, har in an kai na goma abin da ya rage na ƙimar takardar bai wuce kashi 60 cikin ɗari ba. An koma gidan jiya, wato farashin mai lamba biyu. Bambancin poka da waɗannan shi ne a poka mutum ne ke yanka farashi, mutum kuwa yakan yi kuskure ya sayar da araha. A rumfa kamfani ne ya yanka, da ma'aikatan lissafi da kwamfuta, kuma bai buɗe ƙofa don ya yi kuskure ba.

Kada a ɗauka cewa duk kasada caca ce. Fataucin goro, wanda ya kai Hausawa Gwanja tun ƙarnoni da suka wuce, ya kuma ɗaukaka irin su Alhassan Ɗantata da ya rasu a 1955, cike yake da ita. Mai sayen goro a Anyama, garin goron da ke arewa da Abijan, in aka yi masa tayin huhu da yawa a kan rangwame, irin wancan lissafi yake yi a zuci: nawa za a rage, kuma huhu nawa cikin goma ake tsoron sankara ta taɓa, ko su bushe kafin su isa arewa. In ragin ya fi haɗarin, ya saya. In bai kai ba, ya ce a ƙara ragewa ko ya tashi. Amma shi yana da abin da ɗan karta ba shi da shi. Yana iya kwance huhu ya ɗaga ganye, ya ɓare goro ya duba cikinsa, ya tambayi dillali daga wace gona aka kawo, ya yayyafa ruwa a hanya. Ƙoƙarinsa yana rage haɗarin. Haka kuma in ciniki ya yi kyau, manomi ya samu, shi ya samu, mai ci a Kano ya samu, alhali a tebur ribar wani ita ce asarar wani daidai wa daida, bayan an cire ta mai gida. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Katsina har Treichville, ta hana sayar da kifin da ke cikin kogi da ɗan tayin da ke cikin uwarsa, domin babu mai iya duba su. Bahaushe ya kira irin wannan cinikin biri a sama. Katin da ba a buɗe ba yana cikin wannan aji, sai dai shi an san adadin rassan bishiyar.

Ɗalibi zai amfana in ya jera kalmomin kasuwar kusa da na teburin. Mai saye yana tayawa, mai kaya ya ce albarka ko ya sallama, dillali ya ɗauki la'ada, a ba da kafin alƙalami in kuɗi ba su cika ba. Albarka kalma ce ta ƙin tayi, amma babu zafi a cikinta, babu wanda ke jin an ci mutuncinsa don an faɗa masa ita, babu kuma mai kaya da ke jin kunyar faɗinta sau hamsin a wuni. Janyewa a karta ita ce albarkar tebur, ƙwararru kuwa sun fi yawan janyewa tun a kati biyun farko, kafin a buɗe ko ɗaya a tsakiya.

Shi kuwa aikatau ɗin bi, a kula da yadda yake sauya ma'ana gwargwadon abin da ya biyo bayansa. "Ya bi zubin" na nufin ya ajiye daidai abin da aka ajiye. "Ya bi shi" na iya nufin haka a tebur, amma a kasuwa sai a saurari ƙarshen jimla, domin "yana bin sa jika talatin" magana ce ta bashi, kuma wanda ake bi ɗin ne a ƙasa. Mai fassara da ya rubuta "an bi shi" ba tare da ya ambaci zubi ba ya bar mai karatu a tsakanin ma'anoni biyu, saboda haka ya fi kyau a rubuta "an bi zubinsa" a wurin wasa, a bar "ana bin sa" ga mai shago da littafinsa.